Madarunfa: Me ke sa mota tafasa bayan an ɗora mata turbo?

A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin rana ke haura digiri 40 a jihar Maradi, ba abin mamaki ba ne a ga mota a gefen hanyar Maradi zuwa Ɗan Isa an ɗaga mata kapo, yaron mota na yawo da jarka yana neman ruwa. Cikin irin waɗannan motoci akwai wasu da labarinsu ya bambanta: motocin gazuwal ne da suka shekara da shekaru suna aiki lafiya lau, sai mai su ya kai gareji aka ɗora musu turbo don su ƙara ƙarfin ja. Ƙarfin ya ƙaru kuwa, amma tun daga nan allurar zafi ta daina zama wuri guda. Da an yi lodi an hau hanya sai ruwa ya fara tafasa.

Dalilin da ke sa mai mota ya yi wannan aiki ba ɓoyayye ba ne. A gundumar Madarunfa mota ba ta ado ba ce. Ita ke kwasar buhunan gero da wake ranar kasuwa, ita ke fitar da zogale da kayan lambu daga Jiratawa, ita ke ratsa rairayin hanyoyin ƙauyukan Gabi da Safo da fasinja har bisa rufi. Akasarin waɗannan motoci Toyota ne, Hiace da Hilux da Land Cruiser, masu injunan da ake kira 3L da 5L da 1HZ. Injuna ne masu jure wahala, amma masu nauyin jiki. 1HZ, duk da girmansa na lita 4.2 da silinda shida, ƙarfin doki wajen 130 kawai yake bayarwa. Idan bakanike ya ce akwai wata na'ura ta hannu, daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko daga jikin wata motar da ta mutu, wadda za ta sa motar ta ja kaya kamar ba ta ɗauki kome ba, da wuya mai mota ya ƙi saurare.

Inda zafin ke fitowa

Turbo tsohuwar fasaha ce. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar ta a 1905. Aikinta mai sauƙin fahimta ne: hayaƙin da ke fita daga inji yana juya wata ƙaramar farfela, ita kuma tana haɗe da wata farfelar a ɗaya gefen wadda ke tura iska da ƙarfi cikin inji. Sukan yi juyi fiye da 100,000 a minti guda. Iska mai yawa na ba da damar ƙona mai mai yawa, ƙarin man da aka ƙona kuma shi ne ƙarin ƙarfin da direba ke ji a ƙafarsa.

A nan lissafin yake. Cikin dukan ƙarfin da ke cikin litar gazuwal, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai ke kaiwa ga tayoyi. Kashi ɗaya yana fita ta salansa a matsayin hayaƙi mai zafi, sauran kashin kuma ruwan inji ne ke kwashe shi ya kai radiyata, wadda maƙwabta na Najeriya ke kira lagireto, iska ta ɗauke. Duk wanda ya ƙara wa inji kwata na ƙarfinsa, to ya ƙara wa radiyata kusan kwata na aikinta. Ita kuwa radiyatar ba a canja ta ba. Sau da yawa ma ita ce wadda motar ta zo da ita daga Turai ta tashar Kwatano ko Lome, ta riga ta sha shekara ashirin.

Akwai lissafi na biyu da ke bayyana abin da ke rikita masu motoci da yawa, wato a ɗora turbo a watan Disamba ko Janairu a yi wata uku ba matsala, sai bazara ta shigo abu ya lalace. Radiyata na sanyaya ruwa ne gwargwadon tazarar da ke tsakanin zafin ruwan da zafin iskar waje. Idan ruwa na kan digiri 90, iskar safiyar hunturu kuma na kan 20, tazarar 70 ce. Da azahar ɗin watan Afrilu, iska na kan 43, tazarar ta koma 47. Radiyata ɗaya, mota ɗaya, amma kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin sanyayawar ya tafi. Motar da ta rage da ɗan rara a lokacin sanyi, a bazara ba ta da kome.

Dunƙulen da ake murɗawa

Abin da ya kamata a fahimta game da injin gazuwal shi ne, iska ba ta ƙara masa zafi. Akasin haka ma, iska mai yawa tana sa gazuwal ya ƙone tsaf, hayaƙi ya rage zafi. Da za a ɗora turbo a bar famfon gazuwal yadda yake, ƙarfin da za a samu kaɗan ne, zafin ma haka. To amma mai mota ya biya kuɗi, yana son ya ji bambanci tun a ƙofar gareji. Sai bakanike ya kama dunƙulen da ke ƙayyade yawan mai a jikin famfon ya murɗa. Ba ma'auni, ba na'ura, kunne da ido ne kawai. Rabin juyi na wannan dunƙule na iya zama tsakanin injin da zai ƙara shekara goma da wanda zai fashe kafin damina.

Alamar tana fitowa ta baya. Duk motar da ke turnuƙe hanya da baƙin hayaƙi idan an taka ta, tana shan man da ya fi ƙarfin iskar da take samu. Wasu direbobi na ɗaukar wannan hayaƙi a matsayin shaidar ƙarfi, alhali gazuwal ne da aka saya da kuɗi yake fita bai gama ƙonewa ba, yana ci gaba da cin wuta a bakin bawul da cikin turbo. Zafin hayaƙin na iya wuce digiri 700. Fistan kuwa da alminiyam ake yin sa, ƙarfen da ke narkewa a wajen digiri 660. Abin da ke tsare shi shi ne baƙin mai da ruwa da ke ɗauke masa zafi ta ƙasa da ta gefe, kuma wannan kariya ta ɗan lokaci ce.

Kamfanin Toyota da kansa ya nuna cewa ɗora turbo ba wasa ba ne. A 1990 ya fitar da injuna biyu masu girma ɗaya, lita 4.2: 1HZ marar turbo, da 1HD-T mai turbo. Bai ɗauki na farko ya liƙa masa turbo ya kira shi na biyu ba. A 1HZ ana matse iska fiye da ninki 22 cikin silinda, a 1HD-T aka rage zuwa 18.6. An canja fistan, an canja kilas, wato kan injin, an canja hanyar fesa mai ta koma kai tsaye bisa fistan. Shi 1HZ, kamar 3L da 5L, yana fesa mai ne cikin wani ɗan ƙaramin ɗaki da ke cikin kilas, kuma wannan tsari na sa kilas ya riƙe zafi sosai ko da ba turbo. A Ostareliya, inda ɗora wa 1HZ turbo ya zama sana'a mai zaman kanta, masu aikin sukan tsaya a matsin iska na bar 0.5 zuwa 0.7, kuma sukan haɗa da agogon auna zafin hayaƙi. A garejojin da ake yin aikin da ido, abu na farko da ake tsallakewa ke nan.

Tambayar farko: yaushe allurar ke hawa?

Ruwa ba ya tsami banza. Kafin a kwance ko da dunƙule ɗaya, bakanike mai hankali zai tambayi direba a wane hali motar ke zafi, domin amsar ita ke nuna inda za a dosa. Wanda ya fara da sayen kaya kafin wannan tambaya, da aljihun mai mota yake gwaji.

Idan motar na zafi ne a tsaye, ko a tafiyar hawainiya cikin cunkoson kasuwa ko layin shingen duwan, amma da ta hau kwalta ta miƙe sai allura ta sauko, to iska ce ba ta ratsa radiyata, kuma fanka ake tuhuma. Fankar waɗannan motoci tana da wani kulli a tsakiya mai ɗauke da man silikon, wanda ke sa ta kama da ƙarfi idan zafi ya tashi. Idan man ya tsiyaye, fanka za ta ci gaba da juyawa, ido zai ga tana aiki, amma ba ta jan iskar kirki. Gwajin ba ya buƙatar kuɗi: a kashe inji yana da zafi, a juya fankar da hannu. Idan ta yi tauri, da sauranta. Idan ta wulwula kamar ta wasan yara, ta mutu. Haka nan murfin robar da ke kewaye da fanka, wanda ake yawan cirewa lokacin aikin turbo don a samu wurin ratsa tiyo, a kuma manta da shi a ƙasan gareji. In babu shi, fanka na jan iska ta gefe maimakon ta cikin radiyata.

Idan kuwa a kan kwalta ne take zafi, tana gudu iska na bugun ta, to maganar ta koma kan radiyatar kanta da abin da aka jera a gabanta. Iskar da turbo ta matse tana yin zafi ƙwarai. A ranar da waje ke kan digiri 40, matsin bar 0.7 na iya kai ta sama da digiri 100. Shi ya sa ake sa mata wata ƙaramar radiyata ta iska, intakula, don ta huce kafin ta shiga inji. Abu ne mai amfani, sai dai wurin da aka fi sa shi shi ne gaban radiyatar ruwa. Idan motar na da na'urar sanyaya ɗaki, tata radiyatar ma tana nan. Sai a wayi gari iska na ratsa shinge biyu, tana kwasar zafin kowanne, kafin ta iso inda aka fi buƙatar ta. A ƙara da manyan fitilu da ƙarafan ado da ake ɗaurawa a hancin mota. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Maganin shi ne intakula daidai girman injin, ba mafi girma da aka samu a kasuwa ba, da toshe ramukan gefe don iska ta rasa hanyar kaucewa, da wanke tsakanin shingayen, inda ƙurar hunturu da ƙwarin damina da ƙaiƙayi ke taruwa su zama kamar tabarma.

Hali na uku shi ne wanda ya fi nuna yatsa ga aikin turbo kai tsaye: mota ba ta zafi sai an danne totur da kaya a bisa, kuma da an sassauta ƙafa allura ta fara komawa. Ƙasar Madarunfa ba ta da tsaunuka. Tudun da motocin yankin ke hawa shi ne rairayi da lodi, kuma mota mai buhu talatin cikin yashi na wahala kamar mai hawan dutse, ga shi ba ta gudun da zai kawo mata iska. A wannan hali sai a koma kan famfon gazuwal a rage mai har baƙin hayaƙi ya ɗauke. A duba lokacin fesa mai, domin in ya yi jinkiri wutar na biyo hayaƙi waje. A duba matatar iska, wadda a lokacin hunturu kan toshe cikin ƴan makonni. A bi tiyon da ke kai iska daga turbo zuwa inji, domin ɗan tsagewa ko sakakken ɗauri na zubar da iskar a waje alhali famfo na ci gaba da ba da mai kamar tana nan. Sannan a dubi salansa. Bututun da aka yi wa inji marar turbo ya yi wa mai turbo ƙanƙanta, hayaƙi na cunkushewa a baya, zafi na komawa cikin kilas.

Ruwan rijiya da kalorsta

Akwai al'adu biyu da suka daɗe a tashoshin mota tun kafin turbo ta zo, waɗanda inji marar turbo ke haƙuri da su, mai turbo kuwa ba ya yafewa.

Ta farko ita ce zuba kowane irin ruwa. Ruwan rijiya, ruwan famfo, wani lokaci ma na tafki ko na gulbi da damina. Ruwan ƙasa na ɗauke da sinadaran da ke daskarewa idan ya yi zafi, irin farin dattin da ke kama gindin butar shayi. Bututun radiyata sirara ne, kaɗan daga wannan datti ya isa ya toshe su ɗaya bayan ɗaya. Ruwa tsura kuma na cin ƙarfe, har farfelar famfon ruwa ta zaizaye ta koma kamar cokalin da ya sha wuta: tana juyawa, ba ta tura kome. Ana iya gane radiyatar da ta toshe ta ciki idan an kashe inji bayan tafiya aka bi fuskarta da tafin hannu a hankali. Inda ruwa ke wucewa zai yi zafi, inda ya toshe zai yi sanyi. Radiyata mai tabo-tabon sanyi wanke ta daga waje ba ya amfani, sai an buɗe ta an zurara bututun, ko a canja ta. Wanda ya ɗora turbo, gara ma ya nemi mai layuka fiye da ta asali. Ruwan sanyaya inji mai launi da ake sayarwa a jarka ba don ƙasashen ƙanƙara kawai aka yi shi ba, kamar yadda wasu ke zato. Yana hana tsatsa, yana kuma ɗaga matakin tafasa.

Murfin radiyata ma yana cikin wannan magana, kuma shi ne mafi arha cikin duk kayan da aka lissafa. Ruwa a buɗe na tafasa a kusan digiri 100. Murfin yana riƙe matsi a ciki, lambar na rubuce a kansa, 0.9 ko 1.1. Da matsin 0.9, ruwa ba zai tafasa ba sai wajen digiri 118. Murfin da robarsa ta tsage, ko wanda aka ɗaure da tsumma, ya mayar da injin tukunya a buɗe. An sha kwance inji gaba ɗaya a kan laifin da murfi ne ya yi shi.

Al'ada ta biyu ita ce cire kalorsta, ƴar ƙofar da ke tsare ruwa cikin inji har ya kai zafin aiki, tsakanin digiri 76 da 88 gwargwadon injin, sannan ta buɗe masa hanyar radiyata. Hujjar da ake bayarwa ita ce wai don sanyin Turai aka yi ta, a ƙasar zafi ba ta da aiki. Hujja ce mai daɗin ji, amma ta bar rabin labarin. A injuna da yawa kalorsta na da faifai na biyu a ƙasanta, wanda idan ta buɗe yake rufe wata gajeriyar hanya da ke mayar da ruwa cikin inji ba tare da ya bi ta radiyata ba. Idan an cire ta, wannan hanya na zama a buɗe har abada, wani kaso na ruwan zafi na ta kewaya a ciki bai taɓa ganin iska ba. Da safe inji ya ƙi ɗumi, da rana cikin lodi ya tafasa. Kalorsta na iya mutuwa a rufe, wannan gaskiya ne, kuma gwajinta tukunya ce da wuta: a jefa ta cikin ruwa a ɗora, a ga ko za ta buɗe kafin ruwan ya tafasa. Wadda ta ƙi buɗewa sabuwa ake sa wa a madadinta, ba rami ake bari ba.

Wani abu da ke biyo bayan aikin turbo musamman shi ne iska da ke maƙalewa cikin hanyoyin ruwa. Wasu turbo da ruwan inji ake sanyaya su, sai an yanka tiyo an ƙara sababbi. In ba a fitar da iskar da ta shiga ba, allura kan yi ta hawa da sauka ba dalili. Tiyon da aka ratsa kusa da jikin turbo ba tare da garkuwar ƙarfe ba kuma yana gasuwa a hankali har ranar da zai fashe.

Allurar da ba ta faɗin gaskiya duka

Direbobi na dogara da allurar gaban sitiyari, amma a motoci da yawa an yi ta ne yadda za ta zauna a tsakiya cikin faɗin zafi mai yawa, don kada ta riƙa tayar wa mai tuƙi hankali. Lokacin da za ta motsa zuwa ja, abu ya riga ya yi nisa. Mafi muni, idan ruwa ya zube gaba ɗaya, abin da ke auna zafin na iya zama cikin tururi, allura ta nuna lafiya alhali inji na ƙonewa. Ruwa kuma na ɗaukar mintuna kafin ya nuna abin da ke faruwa cikin silinda, shi kuwa hayaƙi cikin daƙiƙoƙi yake nunawa. Agogon zafin hayaƙi, wanda ake dasa bakinsa a bututun da ke fita daga inji, shi ne idon mai turbo. Ƙa'idar da masu wannan aiki suka fi bi ita ce kada a daɗe sama da digiri 700 idan kafin turbo aka dasa shi, ko wajen 550 idan bayanta ne. Kuɗinsa bai kama ƙafar kuɗin kilas ba.

Direban da ba shi da wannan agogo yana da giya. Cikin rairayi ko da kaya mai nauyi, jan mota a babbar giya ana danne totur har ƙasa shi ne hanya mafi sauri ta dafa inji: mai na shiga da yawa, famfon ruwa da fanka na juyawa a hankali. Sauko da giya ɗaya na ƙara juyin inji, ruwa ya yi gudu, fanka ta ja iska, turbo ta cika. Rage iskar taya kaɗan kafin shiga yashi ma na sauke wa inji nauyi.

Ga masu motocin fetur, waɗanda ba su kai na gazuwal yawa a wannan harka ba, lamarin a juye yake. A wurinsu ƙarancin mai ne ke kawo zafi: turbo ta ƙara iska, ba a ƙara fetur daidai da ita ba, wuta ta yi tsanani, inji ya fara ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani. Wannan ƙara na fasa fistan cikin ɗan lokaci, kuma fetur marar inganci na ƙara ta. Tun da Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayun 2023 harkar ƴan ruwa-ruwa ta sauya fuska a kan iyaka, amma kwalabe da jarkoki ba su bar bakin hanya ba, kuma mai turbo ba shi da hanyar sanin abin da ke cikinsu.

In ta riga ta tafasa

Abin da ake yi cikin mintuna goma na farko shi ke raba ƙaramin gyara da babba. A sauka gefen hanya. Idan ruwa bai zube ba kuma bel na nan, a bar inji na juyawa a hankali na ɗan lokaci don ruwa ya ci gaba da kewayawa. Idan tururi na fita ko ruwa na zuba ƙasa, a kashe nan take. Kada a buɗe murfin radiyata. Ruwan da ke ciki ya wuce digiri 100, da an saki matsin zai yi tsalle ya zama tururi, kuma yaran mota ne suka fi shan wannan ƙuna a fuska da ƙirji, domin su ake turawa. A jira aƙalla rabin awa, har babban tiyon sama ya yi laushi a hannu. Kada kuma a kwara ruwan sanyi cikin inji mai zafi ko a bisa kansa. Ƙarfen da ya buɗe da zafi in ya tsuke farat ɗaya tsagewa yake yi. Idan ya huce, a tayar da shi a riƙa zuba ruwa kaɗan-kaɗan.

Bayan an isa gida sai a nemi sanin ko juwan kilas, wato shimfiɗar da ke tsakanin kilas da jikin inji, ya ƙone. Da safe, inji na sanyi, a buɗe murfi a cika ruwa a tayar. Kumfa da ke ta fitowa ba tsayawa, tiyon da ke yin tauri kamar taya cikin minti ɗaya ko biyu, farin hayaƙi da ba ya ɗaukewa, baƙin mai da ya koma launin shayi da madara, ruwan da ke raguwa kullum ba a ga inda yake zuba ba: kowanne cikinsu na nufin wuta ta samu hanya zuwa ruwa. Daga nan canja radiyata ko fanka ɓarnar kuɗi ce. Sai an sauke kilas, an auna ko ya lanƙwashe, an duba tsagewa tsakanin bawul. Kuma in aka mayar da sabon juwan ba a taɓa dunƙulen famfon da ya jawo abin ba, za a sake dawowa.

Baƙin mai na da nasa kason. Man da ke zagaya inji shi ne ke shiga turbo ya fito da zafinta, don haka yana tsufa da wuri, ya kamata a matso da lokacin juye shi. Direban da ya shigo tasha daga doguwar tafiya ya kashe mota nan take ya bar man da ke cikin turbo yana soyuwa a tsaye har ya zama gawayi. Minti ɗaya ko biyu na juyi a hankali kafin a murɗa makulli ya wadatar.

Wasu masu motoci, bayan sun gaji, kan yanke shawarar sauke injin gaba ɗaya su sa wanda kamfani ya yi da turbo tun asali. Shawara ce mai ma'ana, sai dai ba kowane ne tsira ba. 2L-T da 1KZ-TE, waɗanda ake samu a Hilux da Prado da wasu Hiace, sun yi suna wajen tsagewar kilas idan suka yi zafi ko da sau ɗaya ne mai tsanani, don haka su ma radiyata mai kyau da fanka mai rai suke nema. Wanda kuma ya zaɓi ya ci gaba da turbon da ya ɗora, ya sa ido a kan yadda za a gwada motar bayan gyara. Kanikawa sun saba zagaya unguwa da ita da safe, ba kaya, ba fasinja, su dawo su ce ta warke. Gwajin da zai nuna gaskiya shi ne a yi mata lodin da ta saba ɗauka, a fita da ita tsakanin azahar da la'asar, a bi hanyar rairayin da take bi ranar kasuwa, bakanike na zaune kusa da direba, wani kuma na bayan mota yana kallon launin hayaƙi.